Wa ya san ƙauyen da ake ce wa Rimi Uku kafin ruwan Akosombo ya ci shi?

Jikar Mma, Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum jama'a. Ina cigiyar wanda ya san ƙasar Krachi ta Gana tun kafin a gina dam ɗin Akosombo ruwa ya shanye ƙauyukanta, ko wanda yake da tsoho a gida da zai iya tambaya mini.

Kakata ta wajen uwa, wadda kowa a gidanmu har 'yan haya ke kira Mma, ta rasu cikin azumin 2024. A hannunta na tashi, ɗaki ɗaya muke kwana har ranar da aka kai ni gidan miji. Amma da aka watse daga sadakar arba'in 'yata ta fari ta ce da ni, "Wai Mma 'yar ina ce?" sai na buɗe baki na rasa abin faɗi. Ga ɗan abin da na tsinta a bakinta cikin shekara arba'in, bai fi cikin cokali ba.

Ƙauyen da aka kai ta aure Rimi Uku take ce masa. Gidajensa ba su kai ashirin ba. In ka tashi bayan asuba da kaya a ka, kana shiga kasuwar tsohuwar Kete kafin rana ta take tsaka. Akwai gulbi kusa inda suke ɗiban ruwa, ba ta taɓa kiran sunansa ba, gulbi kawai. Kakana Bahaushe ne, ubansa ya zo da ayarin goro ya ga ƙasa ya zauna, shi kuma ya tashi manomin doya. Mma ce ta biyu a matansa.

Aikinta kuwa ta faɗa mana har mun haddace, domin da shi take mana gori in mun yi ƙiwar wanke-wanke. Maza su tara tsibin doya su shuka, shi ke nan sun gama nasu sai noma. Ita ce za ta bi tsakanin tsibi ta sa kuɓewa da barkono da gyaɗa, ita ce mai kai abinci gona, ita ce mai ɗauko doya a ka zuwa gida. Da bazara ta shiga daji tsintar kaɗanya tun raɓa ba ta bushe ba, ta dafa, ta shanya, ta daka, ta fitar da man kaɗe. Kalwa ta mayar da ita daddawa. Rogo ta fere ta shanya a kan dutse don kokonte. Kuɗin doya na maigida ne, kuɗin man kaɗe da daddawa nata, da su ta yi wa kanta kwalla uku da zanen fita.

Wajen 1964 ko 1965 aka kwashe su. Mahaifiyata tana da shekara huɗu ko biyar, abin da take tunawa kawai an ɗora ta a bayan lori a kan buhu, kaji na kuka a cikin kwando. Abu ɗaya da ya fito daga ƙauyen nan yake hannunmu har yau shi ne dutsen niƙan Mma da ɗansa. Yana nan gindin famfo a tsakar gida. Tsakiyarsa ta lotsa saboda niƙa, in an yi ruwan sama sai ya tara kusan kofi biyu kaji su zo su sha. Gefe ɗaya ya ɓantare, ta ce ranar lodi ne ya faɗo. Masu lodin sun ce dutse ba kaya ba ne, a bar shi, ita kuwa ta hau kansa ta zauna da goyo a baya ta ce sai dai a bar su tare. Wata rana wani yaron 'yan haya ya tokare tayar baro da ɗan dutsen, ban taɓa ganin Mma ta zagi ɗan wani ba sai ran nan.

A 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su bar ƙasa, kakana ya kwashi uwargida da 'ya'yanta suka nufi Nijeriya. Bai dawo ba, wasiƙa biyu ya aiko aka daina jin ɗuriyarsa. Mma ta zauna. Shekarar da ta biyo ta shigo Kumasi da 'ya'ya uku da dutsen nan, ta kama suyar doya da ƙosai a bakin titi, a kan wannan sana'a ta aurar da su duka.

Ba ta son zancen ruwan. Sai a watan Oktoba na 2023, da aka saki ruwan dam ɗin ya shanye garin Mepe ana nunawa a talabijin, ta ce a ƙara murya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Namu ba haka ya zo ba. Namu a hankali ya zo, kamar baƙon da ya san hanyar gida." Wai kullum da yamma takan kafa kara a bakin ruwa, da safe ta tarar da shi tsundum a ciki, ta sake kafa wani a gaba. Macizai da kunamu ne suka riga ruwan isowa cikin ɗakuna.

Na duba taswirar Google har idona ya yi ja, babu Rimi Uku. Wa ya taɓa jin sunan nan? Ta ina zan fara?

Baba Ɗan Kete, Nima

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Mma, ya sa ta huta. Jikana ne ya karanta mini, shi ne kuma yake rubuta wannan.

A tsohuwar Kete aka haife ni, ina da shekara goma sha ɗaya muka tashi. Rimi Uku ban san shi da wannan suna ba, kuma kada ki yi mamaki. Halin Bahaushe ne, duk inda ya sauke kaya sai ya raɗa wa wurin suna da abin da idonsa ya fara gani, rimi ko kuka ko mashaya, alhali masu ƙasa suna da nasu sunan tun kaka da kakanni. Wanda Bature ya rubuta na masu ƙasa ne.

Ki fara rarrabe wannan, yaran yanzu suna haɗa su. Da can Krachi daban, Kete daban. Krachi garin masu ƙasa ne, can Dente yake, gunkin da har Tonawa, wato Asante, suke zuwa wurinsa. Kete kuwa zango ne, mu ne a ciki, Hausawa da Yarbawa da Kotokoli da sauran Musulmi. Ya cika ne bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da fatake suka watse suka gangaro. Alhaji Umaru ma daga Salaga ya dawo Kete, nan ya yi limanci har ya rasu a 1934, mahaifina wurin almajiransa ya yi karatu. Jamus ne suka fara mulkin wurin kafin Ingilishi su karɓe. Gishirin Ada a kwalekwale yake hawowa, a sauke a wurinmu, a ɗora wa jakai da 'yan alaro su yi arewa da shi. Matan ƙauye irin kakarki su ne suke shigowa da hantsi da man kaɗe a ƙwarya an rufe da ganye, su koma da gishiri da kananzir. Wa ya sani ko na taɓa riƙe mata kaya ta ba ni ƙuli.

Mutum wajen 80,000 ruwan nan ya tayar, ƙauyuka sun haura 700, aka tattara su a sababbin garuruwa 52. Ki lissafa da kanki ki ga ƙauye nawa aka cusa a kowane gari. Gidan da ake ba mutum an kafa ginshiƙai an yi rufin kwano, amma ɗaki ɗaya aka gama, sauran kai za ka ƙarasa. Mahaifina mata uku gare shi da mu goma sha ɗaya. Ki yi tunanin yadda aka kwana daren farko. Da rana kwanon nan ya ɗauki zafi kamar tanda, tsofaffin da suka saba da ɗakin ciyawa sai suka koma gindin itace. An ce za a kawo tarakta a share gonaki kowa ya yi noman zamani, muka yi ta zuba ido. Abincin agaji muka ci, garin masara rawaya wanda tuwonsa ba ya kama hannu. Nkrumah ya buɗe dam a Janairun 1966, wata ɗaya bayan nan soja suka kifar da shi, masu zuwa duba mu suka ɗauke ƙafa. Wutar da aka tashe mu dominta kuwa ta haska Ankara babban birnin Gana da Tema, mu muna kunna aci-balbal har na yi gemu.

Duk wannan ya wuce. Abin da bai wuce mini ba kabarin mahaifiyata. Yana ƙarƙashin ruwa. In na je gida, bakin tafki nake tsayawa, in fuskanci inda nake zaton maƙabarta take in karanta Ƙulhuwallahu. Masunta suna wucewa ta kai da injinsu.

Malamin Makaranta, Madina

Yaya, sannu da haƙuri. Baba ya riga ya faɗi babbar matsalar, sunan. Abin da zan ƙara shi ne ki bar neman ƙauyen tukuna, ki nemi garin da aka kai su. Galibi mutanen ƙauye ɗaya wuri ɗaya aka zuba su, to in Hajiyarku ta tuna inda suka zauna daga tashi zuwa 1970, tsofaffin garin za su lissafo miki ƙauyukan da aka haɗa, ki ji wanne ne yake da Hausawa manoman doya.

Sannan akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ake kira PRAAD, babbar tana nan Ankara, akwai reshe a Kumasi da Tamale da Ho. Krachi ta yi zama ƙarƙashin mulkin Arewa a zamanin Ingilishi kafin a mayar da ita ɓangaren kudu, saboda haka kada ki raina Tamale. Ki nemi tsohuwar taswirar safiyo ta kafin ruwa, ki auna tafiyar rabin yini daga Kete ki ga ƙauyukan da suke bakin gulbi. Amma ki shirya zuciyarki, takardun ƙidaya da na diyya da sunan maigida ake cika su. Sunan kakanki na miji za ki nema, da na ubansa. Mma in ta fito a ciki, a lamba za ta fito, mata biyu, yara kaza.

Hajiya Mai Doya, Sawaba

Malam, takarda ta yi, amma ku 'yan boko kun cika son ƙura. Ƙanwata, ni shekara ashirin da shida ina sarin doya, Ejura, Atebubu, Yeji, Dambai, babu inda ban kwana a kan buhu ba. Na karanta labarinki sau biyu, wuri ɗaya ya tsaya mini. Kin ce a 1969 mijinta ya tafi da uwargida, ita ta zauna. Ba ki tambayi kanki me ya sa ba? Shekarar nan mutane sun sayar da gida a kuɗin akuya don tsoro. Matar da ta zauna da 'ya'ya uku babu miji babu takarda, kuma babu ɗan sandan da ya taɓa ta, ni a ganina ta san ba baƙuwa ba ce. Kakanki ne Bahaushe. Ita fa?

Kada ki ji haushi. Rabin kakanninmu mata a zango haka suke. Bahaushe ya zo fatauci ba da mace ba, ya auri 'yar ƙasa, a musuluntar da ita a sa mata Hawwa ko Adama, ta koyi Hausa a bakin murhu, jikoki su tashi suna cewa mu 'yan Katsina ne. Tawa kakar Kotokoli ce, sai da na yi haihuwa biyu na sani. Kuma aikin da kika lissafa, shiga tsakanin tsibi da ɗaukar doya a ka, matar malam Bahaushiya ta cikin Kete ba ta yin sa. Wannan tun tana yarinya ta iya shi a gonar ubanta.

Ki tuna da kyau. Tana da tsage a fuska ko a ciki? In ta yi tuntuɓe ko mai ya fallatsar mata, da wane yare take salati kafin ta tuna ta yi na Larabci? In tana niƙa tana waƙa?

In za ki je, ki bi ta Atebubu ki shiga Kwame Danso har Kojokrom, ki tsallaka ruwa zuwa Kete Krachi. Ki jira babban jirgi ko da zai kai ki yamma. Kananan nan in sun cika lodi kada ki shiga, itatuwan da ruwa ya shanye suna nan tsaye a ƙasa, kututturensu ne ke fasa jirgi. In ruwa ya ja baya za ki ga kawunansu baƙi ƙirin kamar mutane sun taru jana'iza. Ki sayi goro da sabulu ki nemi tsofaffin mata a kasuwa. Maza sarauta da iyakar ƙasa za su yi ta ba ki labari, mata ne suka san 'yar wa aka kai gidan wa.

Abu Sumayya, Asawase

'Yar'uwa, ni shawarata daban. Baiwar Allah ta yi shekara tamanin da wani abu ba ta faɗa ba, ba mantuwa ta yi ba. Kowa ya san a da har bayi ake sayarwa a kasuwar Salaga ban da goro, kuma ba kowace kaka ce ta shiga gidan Bahaushe da sadaki ba. Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Kina da 'ya'ya mata da za a zo nema, kin san bakin mutanenmu in ana binciken asali. Kuɗin motar nan ki yi mata sadaka da shi ya fi.

Jikar Mma, Aboabo, Kumasi

Na gode muku duka. Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan Inna. Maganar ƙuli ta sa ni dariya da hawaye tare.

Malam Abu Sumayya, na ji, kuma sadaka muna yi. Amma Mma wajen 1938 aka haife ta, an daɗe da rufe waccan kasuwa. In ma uwarta ko kakarta ce aka saya, to an saya, ba ita ta sayar da kanta ba, mai neman 'yata da zai fasa saboda wannan ya fasa tun yanzu mu huta.

Hajiya, kin hana ni barci. Tana da tsage ƙanana a kumatu, mun ɗauka na ciwon yara ne. Waƙar niƙa tana yi, a hanci, babu kalma. Amma ga abin da ya faɗo mini wajen ƙarfe biyun dare. In an kawo mata doya daga tasha tana ƙirgawa, ba da Hausa take yi ba, ba kuma Tonanci ba. Tana taɓa kowace ɗaya da yatsa tana motsa baki. Na riƙe "anyo", na riƙe "asa", in ta kai ƙarshe ta ce "kudu" ta ware guda gefe ta sake farawa. Muna yara muna tsokanarta, mu ce Mma saura arewa, ta kai mana duka da zani. Wa ya san yaren nan?

Ɗan Gwanja, Alabar

Hajiya, ni haifaffen Salaga ne. A Gwanjanci anyo biyu ne, asa uku, ana huɗu, kudu goma. Goma-goma take warewa. Sai dai kada ki yi saurin cewa Bagwanjiya ce, domin yaren Krachi da na Nchumuru 'yan'uwan namu ne, ƙirgarsu ta yi kusa da tamu ƙwarai, kuma su ne a yankin da kike faɗa. Daga shida zuwa tara ne bakin kowa yake fita daban. In akwai wanda ya riƙe waɗannan a gidanku, ki ɗauki muryarsa a waya ki kai wa tsofaffi can su saurara.

Jikar Mma, Aboabo, Kumasi

Jiya bayan la'asar na je wurin mahaifiyata. Ban yi mata dogon bayani ba, na zauna kusa da ita tana tsince shinkafa na ce, "anyo, asa." Ba ta ɗago kai ba ta karɓe, ta kai har kudu ba ta yi gargada ba. Shekararta sittin da huɗu, ban taɓa jin wannan a bakinta ba. Na sa ta maimaita na ɗauka a waya.

Sunan garin da aka kai su ya ɓace mata, ta ce dai akwai layin gidaje iri ɗaya har yaro ya kan shiga gidan wasu, da tankin ruwa a kan tudu. Sai can ta ce, "Ai kin taɓa ganin ƙaninta." Wai a 1983, shekarar yunwa da gobarar daji, ina goye, wani mutum ya zo da buhun kokonte da busasshen kifi a kwando, ya yi kwana biyu yana tambaya a tashoshi kafin ya gano gidan. Ba Musulmi ba ne, ba ya jin Hausa. Mma ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta ce wa matan gida mai kawo mata doya ne daga ƙauye. Da dare, da kowa ya kwanta, ta fita wurinsa suka yi ta magana ƙasa-ƙasa har aka kira assalatu. Da safe ta raka shi tasha, ta dawo ta hura wuta ta ɗora mai. Kokonten nan ne ya riƙe gidan wata biyu, har 'yan haya sun ci. Mahaifiyata ta ce sunansa da Kwa ya fara, sauran ya tafi.

Hajiya Mai Doya, bayan Babbar Sallah zan samu wanda zai zauna mini a shago kwana huɗu. Wace rana motarku take tashi zuwa Atebubu, kuma goro nawa ya kamata in riƙe?